Mai Nono a Kan Farantin Tagulla

Ammi ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Ammi ita ce uwata, haka muke kiranta da bakin Shuwa. In aka ɗaga mata waya sai ta ja lafaya ta rufe fuska, ta ce mai son ganinta ya tako ya zo, ƙafa ba ta ƙare a duniya ba. Daga rugarsu ta bayan Khaddamari take shigowa Maiduguri da ƙwaryar nono a ka, ta sayar, ta biyo ta gidana ta sha ruwa, ta kushe mini miya, ta koma.

Ubanmu Bahaushe ne mai fataucin fata. Da ya rasu, danginsa suka ɗauke mu zuwa cikin gari, ni da yayana. Shi ya zauna gaban malamai a Shehuri har ya zama malami, ni kuma na koyi kitso, da shi nake ci har yau. Boko kuwa sai da na aurar da 'yata na shiga, da furfurata.

Da rikicin nan ya yi tsanani na aika wa Ammi ta taho gari. Ta ce in tambayo mata ko ɗakina zai ɗauki shanu. Daga baya hanya ta rufe. Ranar da mutanensu suka gudo, zazzaɓi ya kayar da ita a daji, suka binne ta gindin wata bishiya suka yi gaba. Waɗanda suka kawo mini labari ba su iya cewa ga bishiyar ba. Ban zarge su ba, mai gudu ba ya ƙirga itatuwa.

Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne fuska tana gogewa. Muryarta na riƙe, har warin man shanun kanta na riƙe, amma in na rufe ido don in gan ta sai in ga lafaya kawai. Wannan ya fi mutuwar ci mini rai.

A shekarun nan masu hali suna ta barin gari, suna karyar da kayan ɗakinsu. Kasuwar Kwastam ta cika da kujeru da tukwane na mutanen da ba za su dawo ba. Na je neman kujerar da masu kitso za su riƙa zama, sai na hangi wani farantin tagulla jingine da wata tsohuwar fanka. Mai kayan ya ce na wani likita ne da ya tafi. Na ɗauka na goge da bakin zane.

An zana wata mata a kai, tana zaune, ta ba da gefen fuska. Dogon wuya, dogon hanci, ido ya sha kwalli har wutsiyarsa ta kusa kunne. Ƙananan kitso sun zubo mata a kafaɗa. Da yaro a cinyarta, ta tallafe ƙeyarsa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana ba shi mama. A kanta ga ƙwarya kewayayya, ga ƙaho biyu sun sa ta a tsakiya. Ban yi wata shakka ba, na ce wannan 'yar Shuwa ce mai nono, saniyarta na tsaye a bayanta, ƙahon ne kawai ya leƙo. Kuma Ammi ce sak, har yadda take miƙe baya kamar an ɗaura mata sanda. Na manta da kujera, na dawo gida da faranti.

Na kafa ƙusa na rataye shi a rumfar da nake kitso. Ba na yi masa magana, ban haukace ba. In hannuna ya gaji dai sai in ɗaga kai in duba, in ci gaba. Masu zuwa kitso kuma ba a raba su da tsokana. Wata maƙwabciyata Babarbariya ta ce, "Wannan mai nonon taki ba ta da gammo, za ta yi ɓari."

Na ce, "Ku ne masu gammo. Mu a kan kitso muke ɗorawa."

"To saniyar fa, ina jikinta?"

"Ta ji labarin miyarki ta ɓuya."

A lokacin na fara zuwa ajin manya da la'asar, a tashi da wuri saboda dokar hana fita. Malamarmu 'yar kudancin Borno ce, Kirista, sa'ar 'yata. Garinsu ma an taɓa shi. Ita ta kama hannuna ta koya mini riƙon biro, tana cewa, "Mama, ba tsinken kitso ba ne, sassauta." Ni kuwa na ce kanta ya zama nawa, kada in ƙara ganinta da wannan kitson na 'yan koyo.

Wata Asabar ta zo. Ta zauna a tabarma tsakanin gwiwoyina, ina tsaga, sai ta ɗaga kai ta ga farantin.

"Mama, a ina kika samo Hator?"

Na ce, "Wa?"

"Wannan ta jikin bango. Ta mutanen Misira ce na dā, zamanin Fir'auna. Mun karanta ta a kwaleji."

"Mai nono ce."

Ta yi dariya, ba ta san abin da take takawa ba. "Kin kusa, ai da siffar saniya suke yin ta. Amma wannan ba ƙwarya ba ce, rana ce. Ƙahon kuma nata ne. Bauta mata suke yi, Mama. Ita suke roƙo in mace za ta haihu."

Na ja gashin da ke hannuna har ta ce wash. Na ce, "Gunki kike nufi?"

Sai ta gane akwai magana. Na ƙarasa kitson. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in ta yi laifi in yafe mata. Na ce, "Ba ki yi ba. Da uwata ta yi kama, shi ke nan." Ta rufe baki da hannu.

Ni Musulma ce, ba na wasa da wannan. Mutanen da suka raba ni da Ammi da sunan addini suka yi, kuma ban bar musu addinina ba. Don haka ban tsaya jiran wani ya kai tsegumi ba, na naɗe farantin a tsohon zane na hau keke zuwa Shehuri. Na sami Yaya a zaure bayan ɗalibansa sun watse, na durƙusa na gaishe shi, na kwance zanen.

Ya daɗe yana kallo. Shi ma ya gani, na san ya gani, don gemunsa ya yi ta shafa.

Ya ce, "Hancin ne."

Na ce, "Da wuyan."

"Da wuyan." Ya kife shi a kan buzu. Na gaya masa abin da Malama ta ce. Ya ce ba ni da laifin abin da ban sani ba, amma yanzu na sani, abin da aka taɓa bauta wa ba ya zama a bangon Musulmi. Ya ce akwai sauƙi: in sa maƙeri ya kankare fuskar, in ci gaba da zuba dabino a kai.

Na ce, "Yaya, fuskar ce kaɗai nake so. In an kankare, me zan yi da tagulla?"

"To ke kika tambaya, ni kuma na faɗa."

"Kai ka kankare mana, ga shi nan."

Ya ture shi gabana da yatsa ɗaya. "Ni malami ne, ba maƙeri ba. Tashi ki tafi kafin a rufe hanya."

Na kawo shi gida na tura ƙarƙashin gado, a kife. Ban mayar bango ba, ban kai maƙera ba. Aji ma na daina zuwa, don haushin karatun nake ji. Da ban san komai ba ai da uwata na nan a bango.

Malama ce ta biyo ni, da wani babban littafi mai hotuna a jaka. Ta gaishe ni da Barbarci, ta ce, "Wushe, Mama. An ce kin yi yaji." Na ce ban ga wanda ya isa in yi masa yaji ba. Ta zauna ba a ce ta zauna ba, ta buɗe littafin a cinyata.

Wani ƙaton gini ne na dutse a bakin kogin Nilu, ita haikali take ce masa. Ginshiƙai kamar kukoki, mutumin da ke tsaye a gindinsu bai fi ɗan tsako ba. A saman kowane ginshiƙi ga fuskar matar nan ta kowace kusurwa, da kunnuwan saniya. Rufin shuɗi ne, fentin bai mutu ba. Malama ta ce mata ke zuwa wurin da kiɗa, har madubansu da tandun kwallinsu ake yi da siffarta. Na kusantar da littafin, sai na ga yawancin fuskokin an sassare su, ba ido ba hanci, sai rami.

Na ce, "Wa ya yi wannan?"

Ta ce mutanen baya ne, da suka bar bautar. Ta ce ana jin har da Kiristoci irinta a ciki.

Ban ce sun yi laifi ba. Da ina zamaninsu wataƙila ni zan riƙe musu tsani. Amma na ga wani abu a shafi na gaba, inda matar take shayar da yaro, wanda ya zaunar mini da zuciya. Wanda ya sassaƙa wannan bai taɓa ganin abar bautarsa ba, don babu ita. To a ina ya samo hannun nan da ke ƙarƙashin ƙeyar yaro, da ɗan yatsan da ke danne mama kada ya toshe masa hanci? A gida ya gani. Uwarsa ce ko matarsa, wata mai shanu a bakin kogi wadda ita ma ba a ɗauke ta hoto ba. Ya ɗora mata rana a ka, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma matar da ya kalla mutum ce, kuma ita na gane a kasuwa.

Na faɗa wa Malama haka. Ta ce, "Wannan ba ya cikin littafin." Na ce to littafin bai taɓa shayarwa ba.

Ana nan 'yata ta haihu, mace, ta dawo gidana wanka. Ana gobe suna na jawo farantin daga ƙarƙashin gado, na jingine shi a rumfa, na ce ta zo ta zauna. Kitson Ammi ban taɓa yi wa kowa ba, a gari ba mai nema, kuma ban tsaya na lura da tsagarsa ba sai da mai shi ta tafi. A farantin ga shi a fili: kashi biyu sun sauko ta gaban kafaɗa, ɗaya ya koma baya, kunne a waje. Na kwaɓa man shanu da humra, na fara tun hantsi.

"Mama, wannan ai na tsofaffi ne. Ƙawayena za su yi mini dariya."

"Su yi. Miƙe wuyanki."

"Kina ja da yawa."

"Kakarki ba ta taɓa cewa ana ja ba."

"Kakata ba ta zauna a hannunki ba."

Sai bayan la'asar muka gama. Na ja mata kwalli har wutsiya. Jaririyar ta tashi da kuka, 'yata ta ɗauke ta, ta juya gefe saboda rana, ta sa hannu ƙarƙashin ƙeyarta. Ina wanke hannu na ɗago. Shekara nawa yarinyar nan tana gabana da ɗankwali da kitson zamani, ban taɓa ganin wuyan nan ba.

Yaya ya shigo duba ragon suna, ya yi sallama, ya tsaya a tsakar gida. Ya dubi 'yata, ya dubi ƙasa. Ya ce, "Allah ya jiƙan Ammi." Ya fita bai duba ragon ba. Washegari da ya yi huɗuba, sunanta ya raɗa wa yarinyar, ba wanda ya roƙe shi.

Bayan suna na naɗe farantin na kai wa Malama, fuskar na nan yadda take. Na ce ta sa a kabad ɗin makaranta, in an zo darasin mutanen dā ta fito da shi. Ta ce in ina son gani kowane lokaci in faɗa. Na ce na gode, amma ina da nawa a gida mai motsi.

Na koma aji. Duk shekara in sababbi suka zo takan ɗaga farantin ta tambaye su me suka gani, kuma ba a rasa wata tsohuwa daga baya da za ta ce mai nono ce. Malama ba ta dariya yanzu. Cewa take, "Daga ina kika san ta, Mama?" Sai ta jira a ba ta amsa.

Ina yi wa Malama addu'a a irin tawa, ita ma ta ce tana yi mini a irin tata. Likitan da ya bar farantinsa, Allah ya sa ya isa gida lafiya. Ƙusar tana nan a bangon rumfa, tandun kwalli nake ratayewa a kai. 'Yata kuwa duk wata sai ta zo a sabunta mata kitson, tana mita ina ja.