Ƙanƙara a Ruwan Tattasai

Wata Asabar ce cikin watan Afrilu, ina aji biyar a lakwal, wato makarantar boko, na dawo daga kasuwar Petit Marché bayan Inna, da kwanon tumatir a kaina, zufa har cikin ido. Ban ko ajiye kwanon ba na leƙa rumfa, inda kwalbar kifina take kan tebur. Sai ga Tattasai ya juya ciki sama yana yawo a kan ruwa, kusa da shi wani guntun ƙanƙara da bai gama narkewa ba, jikin kwalbar na ta naso. Na saki kwanon, tumatir ya watse har bakin ƙofa.

Kawu Isuhu, direban babbar mota, shi ya kawo mini shi daga Kwatano, ɗan jan kifi da bai kai yatsa biyu ba, shi ya sa na raɗa masa Tattasai. Doka ɗaya Kawu ya kafa mini: "Kada ruwansa ya yi zafi, kada ya yi sanyi, wanda ya kwana a bokiti za ki riƙa zuba masa." Wata huɗu ban karya ba. Kafin in yi shara, kafin in wanke kwanoni, sai na ɗebo ruwa a famfo na ajiye a inuwar dogon yaro. Ƙawayena kan bar wasan carafke su zo kallo, ni kuwa ina tsaye kamar ɗan sanda, ba mai sa yatsa.

Ina cikin kuka sai Kaka, mahaifiyar Inna, ta jawo ni ɗaki. Daga Dogonduci ta zo jinyar ido, tana zaune gidanmu, kuma tsakaninta da Baba akwai kunyar surukai mai tsanani, in ta ji muryarsa ko tari ba ta yi. Ta raɗa mini cewa tun safe aka ɗauke wuta, gari ya yi zafi kamar murhu, ta ga kifin yana tasowa yana buɗe baki. Ita kuwa a duniya ba ta taɓa ganin mai haki ta hana shi ruwan sanyi ba, ko baƙo ne ko akuya. Ta buɗe kula ta fasa ƙanƙara ta zuba masa. Ta dafa ni da hannunta ta ce, "Jikalle, tausayinsa na ji."

Da Baba ya dawo ya ji labari, bai yi wani bincike ba. Ya ce wasan banzana ne, an ba ni amana na kashe, in durƙusa in ce na yi kuskure. Na ce ban yi ba. Ya ce to wa ya yi? Na kafe ido a ƙasa na yi gum. Wallahi raina ya ɓaci, ga kifina ya mutu, ga laifi an ɗora mini, ga yayana Sani yana dariya wai a soya shi da yaji. Amma in buɗe baki in sa tsohuwa ta ji kunya gaban surukinta? Ina! Haka kuma in amsa abin da ban yi ba, wannan ma ba za ta yiwu ba. Sati biyu aka hana ni fita wasa, kullum da safe Baba ya tambaye ni ko na shirya ba da haƙuri, kullum in gaishe shi da ladabi in ce ban yi ba. Shi ya gaji ya bari, ba ni ba.

Sai da na shiga kwaleji na ji malami yana bayanin cewa jikin kifi zafin ruwansa yake bi, in ruwan ya sauya farat ɗaya, jikin ba ya iya ɗauka. Na zauna a benci ina tuna hannun Kaka.

Yanzu yarana suna da akwatin gilashi na kifi da ma'aunin zafi manne a jiki, in ya motsa kaɗan su kira ni a waya. Kaka ta rasu, Baba ma ya bi ta, yana ɗauka ni ce mai taurin kan da ta kashe kifinta. Na so ya san gaskiya, amma ko yau aka sake tsayar da ni gabansa, shirun zan yi.