Akusan Riskuwa

A shekarun da Birnin Kebbi ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, kwanukan samira da na roba suka cika kasuwa, mata suka shiga fitar da tsofaffin akusa daga ɗakunansu. Wasu su zuba wa kaji ruwa a ciki, wasu su miƙa wa dillalai. Riskuwa kuwa, matar Sama'ila direban motar kifi a Gwadangaji, sai ta shiga tara su.

Fura take sayarwa a gida, da ɗan abin da ta samu take wannan ciniki. Duk ranar da mijinta zai je Argungu ɗauko kifi sai ta bi shi, ta sauka a kasuwa ta nufi layin masu tsofaffin kaya. Ta ɗaga akushi ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta saurara. In ya tsage ba ta fasa saye, gyartai take kai wa ya ɗinke mata. A gida ta wanke shi da toka, ta bi shi da man gyaɗa har baƙin icen ya dawo yana sheƙi. Haka ta samo tasoshin tagulla a Ambursa, da wani kwanon tangaran mai shuɗin fure.

Sama'ila yakan tsokane ta. "Mata na sayen sabo, ke kina kwaso abin da anka yar."

Wata rana sai ta ajiye akushin da ta saba zuba masa abinci. Ta zuba masa tuwon shinkafa a roba, kafin ya dawo daga masallaci tuwon ya huce, abin da bai taɓa yi a akushi ba. Daga ranar bai sake zancen ba.

Ranar sunan jikanta na fari ta fito da kayanta duka, ta jera a kan tabarmi. Cikin dangin surukinta akwai wata tsohuwa daga Zauro, sunanta Laure. Aka ajiye mata tuwo a babban akushin da Riskuwa ta fi so, mai zanen layuka a baki da tabon wuta a gefe. Laure ta kai hannu, sai ta tsaya. Ta juya akushin a hankali tana shafa tabon.

"Ɗiyata, ina kinka samo wanga?"

"Argungu, Inna. Ya daɗe wurina."

"Na mahaifiyata na. Da shi anka kai ni ɗakin miji. Wanga tabo ni na yi shi, ina yarinya na aje shi kusa ga murhu. Shekarar fari na sai da shi na auno gero."

Ba ta yi kuka ba, ta cinye tuwonta tsaf. Riskuwa ta koma madafa tana ta juya abin a ranta, don da wuya ta sake samun irinsa. Da baƙi suka tashi tafiya ta wanke shi, ta naɗe a sabon zane, ta durƙusa ta ajiye gaban tsohuwar.

Laure ta ce, "Ke kinka saye shi da guminki."

"Ajiya na yi miki, Inna, ban dai san mai ita ba sai yau."

Labarin ya zaga Zauro da ƙauyukan bakin fadama. Mata suka riƙa zuwa duba ko nasu na wurinta, wasu kuma su kawo mata na kakanninsu don kada 'ya'ya su yi wuta da su. Ɗakinta ya cika har Sama'ila ya kafa mata katako a bango.

Daga baya ta ɗauki wata al'ada. Duk yarinyar da za a aurar a unguwar, Riskuwa kan zaɓa mata akushi ɗaya, ta zaunar da ita ta gaya mata garin da ya fito da hannuwan da ya bi. Da aka zo auren Sara, ɗiyar maƙwabciyarta Susanna, ita ma ta samu nata, ta tafi da shi har Jos.