Chizuru Nakagiri da Bishiyar da Ta Ƙi Fure

Haihuwa da Asali

A ranar tara ga watan Yuni na shekarar 1973 Allah Ya kawo Chizuru Nakagiri duniya a birnin Kanazawa na ƙasar Japan. Mahaifinta, Shozo, injiniya ne a kamfanin ƙera motocin noma, mahaifiyarta kuma, Fusae, mace ce mai kaifin harshe wadda ba ta ɓoye abin da ke ranta. A garin nasu dusar ƙanƙara tana da nauyi da laima, tana karya rassa, saboda haka duk kaka sai a kafa doguwar sanda a gefen kowace bishiya, a ɗaure rassanta sama da igiyoyi. Da wannan al'ada ta buɗe ido.

Karatu a Yukimine

A shekarar 1989 aka yi wa mahaifinta canjin wurin aiki zuwa Amurka, aka saka ta a makarantar kwana ta Yukimine, ta 'ya'yan ma'aikatan kamfanonin Japan, da ke ƙauyen Norrby a jihar Minnesota, cikin mu 'yan ajin farko. Gini na Amurka, amma tsari duk na gida ne: darussa da harshenmu, shinkafa da miya da safe, sannan bayan la'asar kowa ya ɗauki tsumma ya goge dandamali, har da ɗan shugaban kamfani. Mun yi kukan kewar gida, mun kuma yi dariyar da ba mu sake yin irinta ba.

A gida Japan babu mai shiga makaranta a watan Afrilu ba tare da an ɗauke shi hoto da mahaifiyarsa a ƙarƙashin furen bishiyar da ake kira sakura ba. Hukumar makaranta ta dasa sakura ashirin domin haka, amma ranar bikin shigarmu ba a ga komai ba sai tsiraran sanduna cikin ƙanƙara. Fusae, wadda ta ci ado tun daga Kanazawa, ta dube su ta rufe na'urarta ta ɗaukar hoto.

"Ni ba na tsayawa a gindin tsinke," ta ce wa 'yarta. "Ranar da ta yi fure ki kira ni."

"To, Inna, na yi alkawari," in ji Chizuru.

Tun kakar wannan shekara ta zama ita ce mai ɗaure rassan bishiyoyin. Ta yi fice a lissafi, ta yi kaurin suna wajen kayar da maza a jarrabawar mako, amma da an tashi daga aji sai a gan ta bisa tsani da igiya a baki. Abokiyar ɗakinta, Masumi Ubukata, ba ta raga mata ba.

"Ke dai kin ji kunya! Kowa na neman saurayi, ke kina ɗaura wa itace zane."

"Naki saurayin ma ai itace ne, kuma ko ganye ba ya yi," in ji Chizuru daga saman tsani.

Kafin mu kammala a watan Maris na 1992, sanyi ya kashe goma sha tara daga cikin bishiyoyin. Guda ɗaya ta rayu a bayan ɗakin karatu. Tana ganye sharaf duk bazara, fure kuwa ko na rantsuwa.

Aiki da Iyali

Ta yi digirin lissafi a birnin Sendai na Japan, kuma duk da kamfanoni sun yi ta zawarcinta, a 1997 ta komo Yukimine a matsayin malama. Ɗalibanta sun shaida tsananinta a kan allo da taushin zuciyarta a ɗakin kwana, musamman ga sababbin shiga masu ɓoye hawaye. Ta mayar da ɗaurin rassa wajibi a kan kowane aji, har yara suka riƙa kiran ranar da jarrabawar igiya. A shekarar 2000 ta auri malamin tarihi, Noboru Shiraki, suka haifi 'ya'ya biyu.

A 2003 Fusae ta rasu a Kanazawa ba a kira ta ba. Wannan ya ci wa Chizuru rai ƙwarai, kuma ba ta ɓoye ba. Ta ajiye hoton mahaifiyar a teburinta, ta ce alkawari kaya ne, ba ya sauka don mai shi ya mutu.

Rufe Makaranta da Shekarun Ƙarshe

Da kamfanoni suka janye ma'aikatansu, ɗalibai suka ragu, aka rufe Yukimine a 2011, aka mayar da ginin gidan kula da tsofaffi. Malamai suka koma gida, ita da mijinta suka zauna. Ta nemi iznin sababbin masu wurin, ta ci gaba da zuwa da tsaninta duk watan Nuwamba, tsofaffi suna kallonta ta taga.

A kakar 2023 ciwon daji ya kwantar da ita. Karo na farko tun 1989 aka shiga sanyi ba a ɗaure bishiyar ba, domin ko shekarun da take jami'a ƙannenmu sun riƙe aikin. Dusar ƙanƙara ta danne reshen ƙasa ta binne shi har Afrilu. Abin ya dame ta har a gadon asibiti.

"Masumi, na yi sakaci," ta ce wa ƙawarta da ta zo dubiya. "Bana kam za ta mutu."

"Rufe mana baki, uwar itace. Ke dai ki sha maganinki."

Rasuwa

Ta rasu ranar ashirin da ɗaya ga Maris na 2024 tana da shekara hamsin. An ƙona gawarta bisa al'adarmu, aka tsayar da binne tokar sai bayan mako bakwai. A ranar, cikin watan Mayu, muka biya ta tsohuwar makaranta, muka tarar da reshen nan da ƙanƙara ta binne ya cika da fure fari fat, sauran rassan kuwa ganye kawai. A nan muka gane abin da ya faru, kuma ya yi mana ciwo. A Minnesota iska ce ke kashe tohon fure, ƙanƙara kuwa bargo ce. Shekara talatin da huɗu muna ɗaga rassan muna miƙa wa iska, da hannunmu, cikin ƙauna.

Masumi ta yi dariya har ta koma kuka. Sannan ta jera mu, ta ba Noboru tulun tokar, ta ba 'yar marigayiyar hoton Fusae, aka ɗauki hoto. Sai da kowa ya durƙusa, domin reshen bai wuce gwiwa ba.

An binne ta a maƙabartar Norrby. Ta bar mijinta, da 'yarta Kaoru, ɗalibar likitanci a Minneapolis, da ɗanta Itsuki, ɗalibi a Kyoto.