Zalɓen Hajjo da Gwiwata

Tun da na zame a bakin rijiya bara nake salla a zaune, ni da ban cika sittin ba. Abin yana ci mini rai. Malamar asibiti a Tambuwal ta ce gwiwar ba ta lalace ba, tsoro da rashin ƙarfi ne. Ta sa 'yata Sadiya ta sauke mini wani motsa jiki na mutanen Sin a waya, wai shi taici. Ina ganin tsohon da ke cikin bidiyon yana ɗaga ƙafa kamar mai tsoron taka ƙaya na ce, ikon Allah, Hajjo ta biyo ni har nan.

Hajjo, Allah ya ji ƙanta, kakarmu ce a Fakku. Lokacin kaka, bayan magariba, mukan kewaye murhu ana gasa mana rogo, ita kuma ta ce ga tatsuniya ta iso, a ba ta wuri. Matar nan ba ta iya ba da labari a zaune ba, kuma ba ta san sauri ba. Ta zalɓe da zabuwa ta fi ƙona mini rai.

Wai zabuwa ta ga zalɓe yana cin kifi a fadama, ta roƙe shi ya koya mata. Ya ce ta fara koyon tsayuwa: ta sassauta gwiwa, ta mayar da nauyinta duka kan ƙafa ɗaya, ta ja numfashi, sannan ta ɗaga ɗayar. A nan Hajjo za ta miƙe ta ɗaga ƙafa, mu ma dole mu tashi mu yi. Rogo yana ƙonewa, sauro yana cizo, ita tana nan tsaye. In na ce Hajjo sai me ya faru, sai ta harare ni.

"Ke ɗiyar ga, mi kika yi ma gaggawa? Zalɓe ma bai aje ƙafa ba tukun."

Zabuwa dai ta ce tana da aiki a gida, ta haɗa darasin duka a guje, ta kife a laka. Tabon nan ne a jikinta har yau.

To ni a Fakku na tashi, inda mace mai sanyin jiki ba ta da suna sai malalaciya. Na kama taici da saurin daka, in gama kafin ruwan tuwo ya tafasa. Gwiwa ta kumbura. Da na koma asibiti, malamar ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce jinkirin shi ne maganin: shi ke ƙarfafa cinya, ya koya wa jiki tsayuwa ba tangaɗi, ya kwantar da numfashi. Ta ce in fara kusa da bango, kaɗan kowace safiya, diddige ya riga yatsu sauka.

Haka nake yi yanzu a bayan ɗaki, ina tsaki, kaji suna kallona. Da na ɗauka Hajjo ja mana rai take yi. Sai yanzu na lissafa cewa ta haura tamanin tana wannan tsayuwa, kuma ban taɓa ganin ta dafa kowa ba.

Jiya na yi raka'ar farko ta la'asar a tsaye. Sauran a zaune na ƙarasa su, hawaye na zuba, ina jin haushin tsohuwar nan da ba ta jira na ce mata ta yi gaskiya ba.