Malam Ɗayyabu Mai Carbi da Zaren Tsoka

Shekara arba'in Malam Ɗayyabu ya yi yana shirya carbi a rumfarsa ta Unguwar Sarki. Ni maƙwabciyarsa ce, kuma a gabansa ma na sha faɗa, mutumin nan akwai taurin kai. Ka kawo masa carbin da ya tsinke, sai ya wanke ka tas kafin ya taɓa zare. Bai taɓa shiga aji ba, amma da rumfar nan ya kai 'yarsa Ilham makarantar koyon jinya.

Sau biyu Ilham tana faɗuwa jarrabawar sanin jikin ɗan Adam. Saura dama ɗaya, in ta sake faɗuwa sallamarta za a yi. Ranar da na same ta a rumfar tana kuka da littafi a cinya, wallahi tausayi ya kama ni. Shi kuwa ko kallon hawayen bai yi ba.

Ya ce, "Nuna min abin da ya gagare ki."

Ta buɗe littafin ta nuna masa wani zane. "Baba, wannan zaren cikin tsoka ne, sunansa aktin. Ƙwayoyi ne layi biyu a murɗe. Siririn nan da ya kwanta a kansu shi ne turofomayosin, yana rufe wurin kamu. Bayan kowace ƙwaya bakwai akwai wani ɗan dunƙule, sunansa turofonin. In sinadarin kalsiyam ya hau kansa sai siririn ya matsa gefe, wani zare mai kauri da ake kira mayosin ya kama ya ja, tsoka ta motsa."

Ya ɗauko carbi biyu ya kwance, ya murɗe su, ya bi tsakaninsu da jan zare, ya ɗaura baƙar ƙwaya bayan kowace bakwai. Sai ya tsaya ya haɗe rai.

"Ina ƙullin?"

"Wane ƙulli, Baba?"

"Wa ya taɓa jera ƙwaya bai ƙulle baki ba? Ja ɗaya sun watse. Allah ba ya aiki haka. Duba da kyau."

Ta duba. Ashe yana nan a shafin da kullum take tsallakewa, wai ba a tambaya daga nan. Furotin biyu ne, kowanne ya toshe baki ɗaya na zaren, don kada ya warware ko ya zarce tsawonsa.

A jarrabawar baka, da ta gama bayanin da kowa ya haddace, malamar da ke jarraba ta ta jefo mata tambaya, me ke hana zaren aktin warwarewa? Ilham ta ce min sai da ta danne dariya kafin ta zayyano amsar.

Ranar da sakamako ya fito, tun daga bakin layi take ɗaga takarda. "Baba, na ci!"

Na rangaɗa guɗa har masu shago suka leƙo. Malam Ɗayyabu ya ce, "To, madalla," ya sunkuyar da kai wai zai ci gaba da aiki. Ina tsaye ina kallonsa, sau uku yana kai zare bakin ƙwaya yana kuskurewa. Ilham ce ta durƙusa ta zura masa.