Akwatin Kwalayen Gwadabe

Gwadabe ɗan majema ne daga wani ƙauye gabas da Ringim, kuma tun bai iya ɗaura wando ba hannunsa ya san fata. Shekarar farin nan ta saba'in da uku, da dabbobi suka yi ta faɗuwa, fata ta rasa mai saye, gero ya gagari talaka, sai ya naɗe tabarmarsa ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Ya sami aiki a siton fata na wani attajiri, Alhaji Lawal, a Bompai. Wata uku ya yi yana dakon gishiri kafin a lura da idonsa, aka tsayar da shi a teburin zaɓe.

Aikin mai zaɓe ba hayaniya. Za a miƙo maka fatar akuya, ka ɗaga ta a haske, ka shafa, ka jefa ta inda ta dace. Wadda ba huda ba tabo, lamba ɗaya. Mai ɗan karcen ƙaya, lamba biyu. Wadda wuƙar mahauci ta taɓa, lamba uku. Ta huɗu kuwa sai dai masu faci. Dillalai sun sha cusa masa na goro a aljihu don ya ɗaga musu lamba, shi kuwa ya zaro ya ajiye musu a kan tebur, ya ci gaba da aikinsa. Sun tsane shi ƙwarai, Alhaji kuma ya riƙe shi hannu bibbiyu.

A saba'in da tara Alhaji ya gina kamfanin jima a Challawa, ya kwashi mutanensa zuwa can. Gwadabe ya kama ɗaki a Panshekara, ya ɗauko matarsa Hajjo daga gida. Injinan daga Italiya aka kawo su, kuma tare da su aka sauke wani Bature gajere mai furfura, wanda zai kafa su ya kula da su. Ba wanda ya iya riƙe sunansa, sai aka sa masa Mai Lofe, don lofen ba ya barin bakinsa ko a kashe yake. Hausa ba ya jin ko sannu. Turancinsa kuwa, akawun sito Baffa, wanda ya gama sakandare, ya rantse bai kai na ɗan aji uku ba. Shi Alhaji da ma Hausa ce da Larabcin fatauci. Haka aka yi ta aiki da nuni da hannu da tsawa, kamar ana kiwon shanu.

Ranar da abin ya ɓaci, wani lebura mai suna Isyaku ne ke tura fata cikin injin tsaga. Mai Lofe ya hango abin da zai faru daga nesa, ya yi ihu sau uku, "Farma! Farma! Farma!" Isyaku bai san me ake ce masa ba, ya ci gaba da turawa, injin ya tafi da yatsunsa biyu. Gwadabe na cikin waɗanda suka ɗauke shi zuwa mota. Da ya dawo, ya tsinci ɗaya daga cikin ƙananan kwalayen da ake ɗaura wa dilar fata, ya rubuta kalmar da ajami yadda kunnensa ya ji ta, ya je ya tare Baturen yana nuna injin. Mai Lofe ya danna maɓalli, injin ya tsaya cik. Gwadabe ya juya bayan kwalin ya rubuta, "tsaya".

Daga nan ya zama maroƙin kalmomi. Ya ɗaga wuƙa ya kalli Baturen, a faɗa masa, ya rubuta. Ya nuna ruwa, a ce masa "akwa", ya rubuta. Mai Lofe, wanda ya shekara ba shi da abokin magana sai lofensa, ya ji daɗin abin har yana kamo hannun Gwadabe ya kai shi gaban abu don ya gaya masa sunansa.

Da fari cikin wani gwangwanin madara yake tara kwalayen. Da suka haura ɗari biyu sai ya ga ana zaluntarsa: duk sanda ya zura hannu, waɗanda ya riga ya sani ne ke fitowa, masu wuyar kuma su lafe a ƙasa, sai ya zo gaban Baturen ya neme su ya rasa. Ya yi kwana biyu yana tunani, sannan ya yi abin da ya iya. Ya ɗauko akwatin katako da aka kawo kayan gyaran inji a ciki, kafinta ya raba masa shi gida huɗu. Sabuwar kalma da mai gardama, lamba huɗu, kullum sai an duba ta. Wadda ta fara zama, lamba uku, bayan kwana uku. Lamba biyu, Juma'a zuwa Juma'a. Lamba ɗaya sai an ga sabon wata. Kuma duk kalmar da aka tambaye shi ya yi inda-inda, ko da a lamba ɗaya take, ta koma gida na huɗu ta sake hawa daga tushe.

Hajjo ce mai zaɓen. 'Yar liman ce, ta fi shi saurin karanta ajami, kuma ba ta da sassauci ko kaɗan. In ya dawo daga aikin safe ya yi la'asar, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta toshe hanci da gefen mayafi, don gwano ba ya jin warin jikinsa, ta fara zaro kwali.

"Malam, mene ne gishiri?"

"Bari, yana bakina..."

"Ya sauka huɗu."

"Haba Hajjo, wata biyu fa yana lamba ɗaya!"

"Ku kuke ɗaga wa dillalai lamba? To ni ma haka."

A shekarar tamanin da ɗaya Alhaji ya tara ma'aikata ya ce Baturen ba dawwama zai yi ba, don haka nan da shekara biyu kamfani zai tura mutum ɗaya Italiya, wata tara, ya koyo injinan ciki da waje, ya dawo ya zama shugaban injina. Mutane suka yi ta lissafin babur da ofis mai fanka. Gwadabe shi ba wannan ne ya tsaya masa a rai ba. So yake ya tsaya gaban injin nan a matsayin wanda ya san cikinsa, a daina kiransa da tafi da hannu, ƙafafunsa kuma su huta da ruwan farar ƙasa da ya tsattsage su. Ya so tafiyar nan so na gaske, har ya kai ba ya iya ɓoyewa. Da ya gwada faɗa wa Mai Lofe da guntun Italiyancinsa, Baturen ya bubbuga kafaɗarsa ya ce, "Si, si." Gwadabe ya ɗauki wannan a matsayin alkawari, tunda a garinsu dattijo mai furfura ba ya cewa e sau biyu a banza.

Shekara biyun nan ya ci su kamar mai neman haddar Alƙur'ani. Kwalaye suka cika akwati har kafinta ya ƙara masa tsawo. Abokan aiki suna tsokanarsa, wai ya riƙa ajiye musu tsarabar taliya. Amma fa su ne masu rugowa a guje in Baturen ya fara kumfar baki: "Gwadabe, zo ka ji me yake cewa!" Sannu a hankali aka janye shi daga teburin zaɓe, aka ba wani, shi kuma ya zama inda Mai Lofe ya sa ƙafa nan yake sa tasa. Ba a rubuta masa sabon matsayi ba, ba a ƙara masa komai ba. Bai damu ba, yana ganin hanya ce. Tun da ya fara tafinta ba a sake rasa ko farce a kamfanin ba.

Ranar wata Talata a tamanin da uku aka kira shi ofishin Alhaji. Ya shiga ya durƙusa ya gaida su. Su biyu ne kawai, Alhaji a kan kujerarsa, Mai Lofe a gefe.

Alhaji ya ce, "Gwadabe, maganar tafiyar nan ce. Suna biyu ke gabana, kai da Baffa akawu. Ni dai a raina kai nake gani, ba zan ɓoye maka ba. Amma shi ya san injinansa, shi ya san mutanensa na can. Tambaye shi wa ya ga ya dace. Abin da ya ce shi za a yi."

Gwadabe ya juya ya mayar da tambayar cikin Italiyanci. Mai Lofe ya cire lofen, ya kalli rufin ɗaki, bai kalli Gwadabe ba, ya yi magana a hankali. Ya ce a tura Baffa. Ya ce Baffa yana da takarda, harshe kuwa can za su koya masa. Ya ce Gwadabe ya fi kowa a kamfanin, shi ya sa ba za a iya rabuwa da shi wata tara ba, don in ya tafi, shi Mai Lofe ba shi da baki ba shi da kunne, kuma shi ya tsufa da komawa magana da hannu.

Ba kalma ɗaya da ta kuɓuce wa Gwadabe. Shekara huɗu yana jiran ranar da Bature zai yi doguwar magana ya fahimce ta tas ba tare da ya ce a maimaita ba, sai ga ta ta zo a kan wannan.

Alhaji ya ce, "Me ya ce?"

Nan fa. A duk faɗin Challawa ba mahaluƙin da zai iya ƙaryata shi. Da ya ce, "Ranka ya daɗe, ya ce ni," da Alhaji ya yi hamdala ya sa hannu, Baturen kuma sai dai ya ga ana ɗinka wa Gwadabe kwat. Ya san haka sarai, kuma zuciyarsa ta raya masa, ba sau ɗaya ba, cikin ɗan shirun nan.

"Ranka ya daɗe, ya ce ku tura Baffa."

Ya kawo sauran maganar duka, har da yabon da aka yi masa, bai rage ba bai ƙara ba. Alhaji ya ce, "Ikon Allah. To, haka Allah ya so. Ka yi haƙuri, Gwadabe, kai namu ne." Ya ce kuma in ba damuwa, ya ɗan riƙa koya wa Baffa gaisuwa kafin ya tashi.

Da ya gaya wa Hajjo, ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta dube shi ta ce, "Ku da bakinku?"

"Amana ce, Hajjo."

"Shi da ya ce muku e sau biyu, tasa amanar fa?"

Ta tashi ta ɗauki akwatin ta tura shi ƙarƙashin gado, ba ta sake zaro kwali ba har suka bar Panshekara.

Baffa ya tafi, ya dawo da kwat da hoto a gaban wani dogon gini, aka ba shi ofis da babur. Ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya, yakan ce "Malam Gwadabe" da ladabi. Sai dai Italiyancin da ya kawo bai cika gida ɗaya na akwatin nan ba, kuma in inji ya cije, shugaban injina yakan leƙo daga ofis ya ce a kira Malam Gwadabe. Aka ƙara wa Mai Lofe wa'adi har sau biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Gwadabe ya ci gaba da tafinta daidai-wa-daida, amma ya daina tambayar sababbin kalmomi, ya daina dariya in Baturen ya yi barkwanci. Abin ya ci shi a rai, kuma bai taɓa hucewa ba.

A tamanin da bakwai naira ta faɗi, maganin jima ya gagara shigowa, rabin injina suka kwanta. Mai Lofe ya haɗa kayansa. Aka liƙa sunayen waɗanda za a sallama a jikin ƙofa, na Gwadabe na uku daga sama. Ba wanda ya yi da mugunta. Bature zai tafi, tafinta ba shi da sauran aiki, teburin zaɓe kuma shekara shida yana hannun wani. A takardar kamfani, lebura aka rubuta a gaban sunansa.

Ranar bankwana aka tara ma'aikata a filin loda kaya. Mai Lofe ya hau kan dilar fata, ya kira Gwadabe ya tsaya kusa da shi. Ya yi magana mai tsawo, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce shekara arba'in yana aikin fata a ƙasashe huɗu bai taɓa ganin mutum irin wannan ba. Ya ce shi ne bakinsa, shi ne ɗan'uwansa. Ya ce akwai abin da ya yi masa wanda bai kyauta ba, yana so kowa ya ji, kuma yana roƙon ya yafe masa. Ya gama, ya dafa kafaɗar Gwadabe, yana jiran a mayar.

Mutum fiye da ɗari suka zuba wa Gwadabe ido. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

"Ya ce ya gode. Ya ce kowa ya koma bakin aikinsa."