Inci Huɗu a Littafin Awo

'Yar ƙanwata tela ce. A gida muna kiranta Auta. Tana da tabo a girar hagu wanda ya raba gashin girar biyu, kuma idan masu kawo ɗinki suka tambaye ta, takan ce faɗuwa ta yi. Ba faɗuwa ta yi ba, kuma ta yarda in rubuta abin da ya faru.

Tana da shekara goma sha tara ta shiga koyon ɗinki a wani shago mai kekuna shida, a bayan tashar mota. Mata ne zalla a ciki. Uwar ɗakinsu tana da wani babban littafi da take rubuta awon duk macen da ta taɓa aunawa, har da na ma'aikatanta, domin sau biyu a shekara takan ɗinka musu rigunan aiki. Takan yi alfahari cewa tef ɗinta yana sanin ciki kafin miji ya sani, kuma sau da yawa maganarta takan fito daidai. A ƙarƙashin teburin yanka kuma akwai kwandon da ake tara guntayen ƙyalle masu laushi. Duk wadda watanta ya zo sai ta ɗiba ta ninke. Ba a maganarsa, amma kowa tana ganin hannun kowa.

Jikin Auta bai taɓa bin lissafin wata ba. Al'adarta takan zo bayan wata biyu, wani lokaci uku. Ƙuraje suka feso mata a muƙamuƙi. Bayan wuyanta ya yi baƙi, har mahaifiyarta ta ɗauka dauɗa ce, ta goge shi da soso sai da ya yi jini. Daga bisani gashi ya fara tsiro mata a haɓa, kullum da safe tana tuge shi a gaban madubi, idonta yana ruwa.

"Auta, in kin gama da rezar ki ara wa mijina," in ji wata mai saka maɓalli.

"Ki ce masa ya fara tsiro da nasa tukuna," in ji Auta. Aka yi dariya, ta koma kan kekenta.

A shekararta ta biyar a shagon, ta yi wata bakwai ba ta taɓa kwandon ba. Da lokacin awon rigunan aiki ya zo, uwar ɗakin ta zagaya tef a ƙugunta, ta duba littafi, ta ga talatin da biyu ya koma talatin da shida. Ta dubi kwando, ta dubi littafi. Ba ta tambayi Auta komai ba. Mahaifin Auta ya rasu, mahaifiyarta tana fama da hawan jini, don haka sai uwar ɗakin ta aika wa yayan Auta, mai walda, wanda ya girme ta da shekara tara kuma shi ya riƙe ta tun tana ƙarama.

Da hantsi ya shigo, gilashin walda yana goshinsa. Bai gai da kowa ba.

"Na wane ne?" ya ce.

"Mene ne na wane, Yaya?"

Marin farko ya kifar da ita kan keke, zare da allurai suka watse. Ya zare bel ɗinsa, ya naɗe jelar a hannu, ya bar ƙarfen a waje. Bugu na uku ne ya fasa mata gira. Jini ya rufe mata ido, ta faɗi tsakanin kekuna biyu, ya bi ta yana shuri a ciki, yana cewa da ƙafarsa zai fito da shegen. Mata huɗu suka gudu waje. Uwar ɗakin ta tsaya jikin bango da littafinta a ƙirji, tana maimaita cewa ita ba ta ce ya kashe ta ba.

Auta ta laluba saman teburin yanka, hannunta ya faɗa kan babban almakashinta. Da ya sunkuyo ya cafki gashinta, sai ta luma masa shi a bayan hannu, tsinin ya fito ta tafi. Ya sake ta, ya zauna a ƙasa yana kallon hannunsa. Farin yadin wata mai ɗinki da ke shimfiɗe a teburin ya jiƙe da jinin mutum biyu.

A asibiti na same su, kowa a bencinsa. An yi wa Auta ɗinki shida a gira.

"Kawu, ka sa a gwada ta," in ji yayanta.

"A gwada," in ji Auta, leɓenta a kumbure. "Amma a gabansa za a faɗa."

Gwaji ya nuna babu ciki. Yayanta ya ce na'urar ce ta lalace. Likitar, mace ce mai ƙaramar murya, ta sa aka yi hoton ciki don ta ga ko shurin ya fasa wani abu. Bai fasa ba. Amma ta daɗe tana kallon hoton, sa'an nan ta fara tambayoyin da babu wanda ya taɓa yi wa Auta: yaushe al'adar ta fara tsallake, yaushe gashin ya fito, tun yaushe wuyan ya yi baƙi. Ta juyo mana da fuskar na'urar. A gefe biyu na mahaifa akwai ƙananan da'irori a jere.

"Kamar maɓallai a kati," in ji Auta.

"Ƙwayayen haihuwa ne da suka fara girma suka tsaya, ba su fito ba," in ji likitar. Ta ce ana kiran larurar PCOS, kuma mata da yawa suna da ita ba su sani ba. Sinadaran jiki ne ba su daidaita ba, shi ya sa al'ada take ɓacewa, gashi ya tsiro, ƙiba ta taru a ciki. Ba laifin kowa ba ne. Ba a raba mutum da ita gaba ɗaya, amma ana zama da ita lafiya: magani don daidaita al'ada, tafiyar ƙafa, rage zaƙi, da auna sukarin jini lokaci lokaci. Da yawansu suna haihuwa, wasu da taimakon asibiti. Bayan gwajin jini ta tabbatar.

Daga nan ta dubi mai walda. "Kai ka shure ta a ciki?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon hannunsa.

"To, da a ce akwai ɗan fa?"

Bai ɗago kai ba.

Auta ta dawo gidana da zama. A rana ta tara ta koma shagon, filasta a gira, ta nemi littafin awo. Ta buɗe shafinta, ta yage shi.

"Shekara talatin tef ɗina bai taɓa yi mini ƙarya ba," in ji uwar ɗakin.

"Bai yi ba, Uwa. Inci huɗu ya ce. Sauran ke kika ƙara."

Ta ɗauki almakashinta, wanda aka wanke aka rataye, ta fita.

Yau shekara shida ke nan. Tana da shagonta mai keke biyu, kuma da ƙafa take zuwa, tafiyar minti arba'in. Shayinta ba sukari, tana sha tana ɓata fuska. Akwai watannin da jiki yake bin magani, akwai waɗanda yake ƙi, ta kwana biyu ba ta son magana da kowa. Gashin haɓar bai daina fitowa ba. Ta dai daina kuka a kansa. Yatsu biyu na hannun yayanta ba sa lanƙwasuwa. Shi ya ƙera ƙofar ƙarfen shagon, ya kafa ta ya tafi. Ta karɓi ƙofar, tana gai da shi da Yaya, amma har yanzu ba ta miƙa masa kujera ba.

Babu littafin awo a shagonta. Takan rubuta awon mace a 'yar takarda, ta maƙala a yadin da fil, kuma idan ɗinki ya kammala ta mayar wa mai shi takardarta tare da rigarta. Wani lokaci yarinya takan shigo da ƙuraje a muƙamuƙi da baƙi a bayan wuya. Auta takan auna ta kamar kowa, ta jira har shago ya rage su biyu, sa'an nan ta tambaye ta a hankali yaushe rabonta da ganin watanta. Idan yarinyar ta sunkuyar da kai tana ƙirga yatsu, sai Auta ta juya takardar, ta rubuta ranar da likitar take ganin mata.